Jar Mota Mai Kujera Biyu

Kunne ba shi ne sunansa na yanka ba, amma shekara arba'in ke nan ba wanda ya kira shi da wani suna, har matarsa kafin ta rasu. Makanike ne. Yana da wata sandar ƙarfe mai tsawon kamu biyu, wadda ya yanko daga jikin wani tsohon gadon asibiti tun yana saurayi. In an kawo masa mota ba ya tambayar mai ita abin da ke damunta. Sai ya ce a tayar, ya ɗora bakin sandar a kan injin, ya manna ɗaya bakin a bayan kunnensa na dama, ya rufe ido. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci har mai motar ya gaji da tsayuwa ya nemi tsohuwar taya ya zauna. In ya buɗe ido magana ɗaya yake faɗi, kuma ba a taɓa kwance inji aka tarar da saɓanin abin da ya faɗa ba. A wurinsa kowane inji da muryarsa. Akwai mai tari irin na tsohon da ya daɗe yana shan taba, akwai mai gunaguni kamar ma'aikacin da aka hana ƙarin girma.

Bayan kunnen, abin da aka fi saninsa da shi faɗa ne. Bai taɓa yabon mota ba. Mafi daɗin abin da ke fita bakinsa shi ne, "Za ta kai ka gida," kuma wanda aka gaya wa haka sai ya tafi yana murna kamar an yi masa kyauta.

Garejinsa rumfar kwano ce a bayan masu sayar da katako. A gefenta akwai wata matacciyar bas da mai ita ya kawo gyara bai dawo ba, har bishiya ta tsiro ta ƙasanta ta fito ta taga. Wata baƙar kaza ce ke ƙwai a kujerar direban bas ɗin, kuma ita kaɗai ce a duniya Kunne ke yi wa magana a hankali.

Wata Laraba da hantsi yana kwance ƙarƙashin wata mota sai ya hangi ƙafafun mace sun tsaya daidai inda baƙin mai ya ƙare. Ya fito ya ga Uwar Biyu ce, matar ƙanensa Auta. Tun da aka kawo ta gidansu ba ta taɓa taka garejin nan ba. Ta rusuna ta gaishe shi.

"Lafiya," in ji shi. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna, Yaya."

Ya nuna mata benci, ta ƙi zama. A tsaye ta kwashe labarin ta gaya masa. Auta ya karɓi kuɗin sallamarsa bayan shekara talatin da ɗaya yana akawu a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani. Tun bara suka yi shawara za su sayi 'yar bas ya riƙa kai yaran unguwa makaranta, abin da ya shigo a ci da shi. Har iyayen yara sun fara ba da suna. Sai ga shi shekaranjiya ya dawo gida ido na ƙyalli kamar mai zazzaɓi, ya ce ya ga mota. Ja, irin ta tsere, wadda cikinta ke kusan taɓa ƙasa.

"Kujera biyu gare ta, Yaya. Mu shida ne a gidan."

"Nawa ta ci a hanya?"

Ta buɗe tafin hannunta, ta rubuta lambar da biro don kada ta manta. Kilomita dubu ɗari uku da arba'in. Kunne ya duba, ya yi tsaki mai tsawo har kazar ta leƙo ta tagar bas.

"Ya ce gobe zai zo ya ɗauke ka ka saurare ta," in ji Uwar Biyu. "Ka ce masa ta mutu."

"In ta mutu zan ce ta mutu."

"Ko ba ta mutu ba, Yaya."

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Jijiyar goshinsa ta tashi.

"Ke kin san abin da kike roƙo na kuwa? Akwai dillalin da ya taɓa ajiye mini babur sabo a nan, a wurin nan da kike tsaye, don in ce wa wani malami injinsa lafiya lau. A ka ya koma da shi. Ni ba ni da gida mai bene, ba ni da takardar makaranta. Wannan kunnen kawai gare ni."

"Ni kuma yara huɗu gare ni," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Kuɗin nan in sun tafi, wasu ba za su zo ba. Shekararsa hamsin da huɗu. Wa zai sake ɗaukarsa aiki?"

Haushi ya ƙara kama Kunne. Ya ɗauki sufana ya jefa cikin akwati.

"Koma gida. Motar tsere da ta ci wannan tafiyar ba sai na yi mata ƙarya ba. 'Yan iskan yara ne ke tuƙa irin su, su take ta kamar sun kama ɓarawo. Da bakinta za ta faɗa."

Da ta tafi ya kasa komawa ƙarƙashin motar. Ya zauna a benci yana zagin Auta a zuci. Yana ɗan shekara goma sha huɗu mahaifinsu ya rasu, aka cire shi daga makaranta aka kai shi gareji, shi kuwa Auta aka bar shi a aji. Da kuɗin wanke fulogin mota ya saya masa littattafai. Shi ya nemo masa aikin akawun, shi ya zaɓa masa gidan haya, har keken da Auta ya hau shekara ashirin shi ya murza tayarsa ya saurara kafin a biya. Sakayyar da ya samu ita ce duk inda Auta ya zauna hira, da an taɓo abin da bai samu ba a rayuwa sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ai Yaya ne ya hana."

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba suka kama hanya. Kunne ne ya sa lokacin, kuma ya sa Auta ya buga waya ya ce kada kowa ya kuskura ya tayar da motar kafin su zo. Inji mai ɗumi maƙaryaci ne, haka yake cewa, da sanyin safiya ake kama shi bai shirya ba.

A cikin bas Auta ya sha farar riga har da turare, yana riƙe da jakar takardu a cinya.

"Ɗaurin aure za ka?" in ji Kunne.

"Yaya, mutane na ji."

"Su ji mana. Tsoho da furfura zai sayi motar da sai ya kwanta kafin ya shiga. In ka shiga wa zai fito da kai? Yara huɗun a ina za ka zuba su, a aljihu?"

"Kallo kawai za mu yi."

"Kallo da jakar takardu?"

Auta ya juya yana kallon taga. Wata mata a bayansu ta rufe baki da gyale tana dariya.

Gidan yana wani layi mai shiru, da bishiyoyi a bakin titi. Wata mata ce ta buɗe musu, sanye da fararen kayan asibiti, tana duba agogon hannunta tun kafin ta amsa gaisuwa. Ta ce motar ta mahaifinta ce, ya rasu wata biyar da suka wuce, kuma tana da minti arba'in kafin ta tafi aiki. Ta ja ƙofar ɗakin mota, ta yaye tampol da hannu ɗaya kamar mai yaye bargo daga kan yaro malalaci.

Auta ya ja numfashi. Kunne bai ko kalli fentin ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya ji sanyi ƙalau. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, simintin a bushe, ko ɗigo ɗaya babu. Ya ce a ransa sun goge ne. Ya zaro sandar awon mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe. Malamar asibitin ta yamutsa fuska.

"Baba, in ka faɗi a nan ba ni da lokacin ɗaukarka."

"Shekara arba'in ina sha, 'yata. Ba shi zai kashe ni ba, ga wanda zai kashe ni nan tsaye."

Ya zagaya baya ya kara farin hankici a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya ce Auta ya tayar. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ya jira, ya duba hankicin, ya ga ɗan danshi kawai, ba baƙi ba shuɗi. Ya cusa shi a aljihu da ƙarfi. Sannan ya ɗaga bonet, ya ɗora sandarsa, ya rufe ido.

Ya zo ne da kunnen farauta. Yana jiran ƙwanƙwasa daga can ƙasa, ko kaɗawar sarƙa, ko ɗan shaƙewar nan da tsohon inji ke yi yana ɓoyewa. Abin da ya taho ta cikin sandar ya shiga kansa wani abu ne daban. Murya ce mai kauri, a kwance, ba gaggawa, kamar babban mutum yana barci a ɗakinsa bayan ya yi wanka. Fistin shida suna hawa suna sauka, ba wanda ke riga wani, ba wanda ke jan ƙafa. A shekarunsa duka bai taɓa jin injin da ya tsufa haka da kyau ba.

Ransa ya ɓaci. Ya matsar da sandar gaba, ya matsar da ita baya, ya kai ta gefen famfon ruwa. Ya ce Auta ya taka mai, ya saki, ya sake takawa. Ya sauya kunne, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Muryar nan dai ita ce, kamar ma tana yi masa dariya.

Ya buɗe ido ya juya ga matar kamar ita ta yi masa laifi.

"Wa ya tuƙa motar nan?"

"Na gaya maka, babana."

"Shi kaɗai? Ba wani ɗa ko ƙane mai rawar kai?"

Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Shi kaɗai. Aikinsa duba gadoji ne. Ya fita da asuba ya yi tafiyar wuni, ya shiga ƙarƙashin gada yana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, ya dawo. Shekara goma sha tara. Kowace safiya sai ya bar ta ta yi ɗumi minti biyar yana tsaye a kanta, ko da ɗayanmu na kwance ba lafiya. Da hannunsa yake canza mata mai. Ya fi sanin ranar canjin man motar a kan ranar haihuwarmu."

Kunne ya leƙa ciki. Kujerar direba ta lotsa ta ɗauki siffar mutum, har ana gane marigayin kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka. Robar fedar kuloci ta cinye har ƙarfe ya fito. Amma ɗayar kujerar tana nan cikin ledar da ta zo da ita daga kamfani, ledar ta yi rawaya don tsufa, ko lanƙwasa ɗaya babu a jikinta.

"Wannan fa?"

"Mu huɗu ya haifa," in ji ta. "Ya ce in ya ɗauki ɗaya sauran za su ji haushi, saboda haka bai ɗauki kowa ba. Uwarmu kuwa ta ce ba ta shiga abin da sai ta durƙusa masa. Ranar da na gama makaranta a motar haya muka je, shi ya biyo mu a baya a cikin wannan. Za ku gwada ta ko ba za ku gwada ba? Minti ashirin da biyar suka rage."

Haka Kunne ya zama mutum na farko da ya zauna a kujerar nan. Ledar ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, sandar tana tsakanin ƙafafunsa. Auta ya fito da motar kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Rabonsa da tuƙi tun 'yar motar ɗaukar kaya ta kamfani, ita ma sai in direban bai zo ba. Suka bi layin a giya ta biyu, wani mai keke ya wuce su yana waiwaye. Da suka fita babban titi, inda gidaje suka ƙare sai filaye, Auta ya gangara gefe ya tsaya. Ya share gumi.

"To, Yaya, faɗi kawai. Na san abin da za ka ce."

Kunne ya dube shi. Kalma biyu ce, ta mutu, shi ke nan kowa ya huta. Uwar Biyu ta samu bas ɗinta, yara su ci abinci, ba kuma wanda zai taɓa kwance injin nan ya ƙaryata shi. Ya tuna lambar da ke rubuce a tafin hannunta. Ya buɗe baki, injin kuwa yana nan yana numfashi a gabansu, yana jin sa har cikin tafin ƙafarsa.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi, kamar wanda ake zare wa haƙori.

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Na ce lafiyarta ƙalau."

Ya yi zaton Auta zai yi tsalle. Sai ya ga fuskarsa ta zube. Ɗan murmushin da ya riga ya shirya, irin na mutumin da aka zalunta ya haƙura, ya rasa inda zai sa shi.

"Ka sake saurara, Yaya. Dubu ɗari uku da arba'in fa."

"Na saurara da kunne biyu."

"To giyar fa? Na ji kamar tana ɗan kamewa."

"Hannunka ne ke kamewa."

"Ai kai ba ka taɓa cewa mota lafiyarta ƙalau ba."

"Ban taɓa jin irin wannan ba."

Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta girgiza su. Kunne yana kallon hannun ƙanensa a kan sitiyari, sai abin ya faɗo masa gaba ɗaya.

"Au. Ashe kawo ni ka yi in hana ka."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ka sha turare, ka ɗauko jaka, ka tayar wa matarka da hankali kwana uku, don ka koma majalisa ka ce saura kaɗan ka sayi jar mota, Yaya ne ya hana. Ka samu abin faɗi har ka mutu."

"Shekara hamsin kana hana ni komai," in ji Auta. "Ko ƙarya na yi? Da yanzu ina aikin jirgin ruwa, na ga duniya. Wa ya yaga takardar neman aikin? Shekara talatin da ɗaya ina fuskantar bango ɗaya, ina ƙirga kwalaye. Na san yawan tsagar da ke jikin bangon nan. Kai ka zaunar da ni a wurin."

"Ni na yaga, ban musa ba. Kwana nawa ta yi a aljihunka kafin ka kawo mini?"

Auta ya kau da kai.

"Kwana tara," in ji Kunne. "Na ga kwanan watan a jiki. Ka kawo mini ita da yamma, ranar da aka rufe ɗauka. Ka tsaya a bakin gareji kana karanta mini inda aka ce wata takwas ba a ganin ƙasa, kana kallona. Na yaga, ka yi kuka, ka je ka ci abinci kwano biyu. Ni kuma jaki, na ɗauki laifin na ɗora a kaina shekara talatin, har ina jin kunyarka."

"Ba haka aka yi ba."

"Haka aka yi. To yau ba zan ɗauka ba. Saurara, in gaya maka abin da ka kawo ni in gaya maka, sau ɗaya zan faɗa. Injin nan zai ƙara dubu ɗari in ka riƙe shi yadda mamacin ya riƙe shi. Ba yawan tafiya ke kashe inji ba, mugun hannu ne, wannan kuwa doguwar hanya ya ci a hannun mai haƙuri. Kuloci saura kaɗan. Tayoyi huɗun duk sun bushe, kuma irin faɗinsu ba a kowane shago ake samu ba. Tana shan man da mota biyu ke sha. In wani abu ya karye a cikinta sai an aiko da shi daga nesa, ka yi wata kana jira. Layinku kuma ramin farko zai farke mata ciki. Ba za ta kawo maka ko kuɗin burodi ba, ita za ka riƙa ciyarwa. Amma mota ce, ban taɓa jin kamarta ba, kuma abin da yarinyar nan ta sa mata ya yi araha. Nawa aikin ke nan, na gama. Saura naka."

"To ka ce in saya ko kar in saya."

"Ba zan ce ba."

"Yaya."

"Ko za mu kwana a nan ba zan ce ba. Kuɗinka ne, matarka ce, furfurarka ce."

Auta ya daki sitiyari da tafin hannu. Ya sa giya da ƙarfi, ya hau titi ba tare da ya duba madubi ba, ya take mai kamar wuyan yayansa ne a ƙarƙashin ƙafarsa. Motar ta zabura. Kan Kunne ya bugu da kujera, ledar ta yi ƙara. Giya ta uku, ta huɗu, turakun wuta suka fara wucewa kamar haƙoran mataji. A nan ne muryar injin ta buɗe, babban mutumin nan da ke barci ya tashi ya miƙe tsaye. Kunne ya so ya daka tsawa, sai ya samu kansa ya rufe ido, ya jingina bakin sandar da ƙasan motar, ɗaya bakin a bayan kunnensa. Ya ga gadoji suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, da ruwa a ƙarƙashinsu, da wani mutum mai karkatacciyar kafaɗa shi kaɗai a hanya.

Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Da ya buɗe ido Auta ya riga ya rage gudu, yana neman wurin juyawa, farar rigar ta jiƙe. Haka suka koma layin mai bishiyoyi.

Malamar asibitin tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Auta ya kashe motar. Sai da ya dafa ƙasa da hannu ɗaya kafin ya iya fitowa. Auta ya tsaya da makulli a hannu. Ya dubi yayansa. Kunne ya juya baya yana goge sandarsa da tsumma, yana gogewa kamar yau ya fara ganinta. Auta ya dubi jakar takardunsa, ya leƙa cikin motar, ya daɗe yana kallon kujerun nan biyu.

"Malam, na makara," in ji matar.

Ya miƙa mata makullin.

"Ba zan saya ba."

"Wani abu ne ya same ta?"

Auta ya buɗe baki, idonsa ya tafi wajen Kunne da kansa, kamar yadda ya saba tafiya. Ya dawo da shi.

"Ba abin da ya same ta. Ni ne ba zan saya ba."

Ya ɗauki jakarsa ya fita bai yi sallama da kowa ba. Kunne ya gaya wa matar kada ta rage ko kaɗan daga abin da ta sa, duk wanda ya ce mata injin ya gaji ta turo shi bayan masu katako ya tambayi Kunne. Ba ta saurare shi sosai ba. Tana kallon ledar kujerar, wadda yanzu ta yamutse, ga tabon baƙin mai daga wandonsa a tsakiya.

"Ki yi haƙuri, 'yata, na ɓata muku."

Ta sunkuya ta kama ledar ta fizge, ta sake fizga har ta fita duka, ta dunƙule ta ta jefar a ƙasa. Da Kunne ya waiwaya daga bakin titi sai ya hango ta zaune a kujerar, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje, jakar aikin a cinyarta.

A tashar bas Auta ya ga yayansa tafe, ya bar layin ya kama hanya a ƙafa.

Bayan kwana huɗu Uwar Biyu ta sake tsayawa inda baƙin mai ya ƙare. Gaisuwar wannan karon a taƙaice ta yi ta.

"Ya ce kai ka ce masa lafiyarta ƙalau."

"Haka na ce."

"Da ya saya fa, Yaya?"

"Da ya saya."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta daɗe. Ta gyara gyalenta.

"Kwana biyu bai ci abinci ba, kuma ya hana a ambaci sunanka a gidan. Yau da safe ya fita duba wata bas. Na ce ya biyo ta nan ya ɗauke ka, ya ce shi kaɗai zai je."

"Shi kaɗai?" Kunne ya miƙe. "Mutumin da bai san bambancin lagireto da tukunyar shayi ba? Ƙarfe nawa ya fita? Sun riga sun ɗumama masa ita, wallahi sun ɗumama. A wane filin sayar da motoci ne?"

Ta gaya masa. Ya fizgi sandarsa daga ƙusar da take rataye, ya zura takalmi, ya wuce ta yana zage-zage. Ya wuce matacciyar bas, ya kai har wurin masu katako. Nan ya tsaya, motocin haya biyu suka rage gudu suna yi masa hon bai ɗaga hannu ba. Can ya juyo a hankali, ya dawo ya mayar da sandar kan ƙusa.

"Ba za ka ba?" in ji Uwar Biyu.

"In ya kawo ta nan da ƙafarsa zan saurara. Matsa mini, kina tare mini haske."

Baƙar kazar ta sauko daga bas tana kyarkyara, ta zo ta tsaya a kan akwatin sufanu. Kunne ya daka mata tsawa, karo na farko tun da ta zo garejin, sannan ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota.